Kafin Ku Ce An Samo Maganin Ƙwaƙwalwa, Ku Tambayi Faranti

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku baki ɗaya. Ni mai karanta jaridarku ce tun ina 'yar sakandare, lokacin da mahaifina, Allah ya jiƙansa, kan sa ni in karanta masa ita bayan la'asar saboda idonsa ya fara rauni. Ban taɓa rubuto muku ba sai yau. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin da kuka buga kwanakin baya a shafin kiwon lafiya, cewa masana sun gano wani ganye da ke kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa daga mutuwa. Ba zan faɗi sunan ganyen ba, don kada in ƙara masa kasuwa. Ya riga ya yi tsada a garinmu.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, da ya samu shanyewar ɓarin jiki bara. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi, yana tafiya da sanda, likita kuma ya ɗora shi a kan maganin hawan jini. 'Yarsa ce ta ɗauki hoton labarin nan ta saka a zauren WhatsApp na dangi. Kafin kwana uku Kawu ya tura ƙwayoyin asibiti ƙarƙashin matashi, ya koma shan dafaffen ganye safe da yamma. Da na kira shi ina roƙo, sai ya ce mini, "Ke da kika yi boko, ba 'yan'uwanki ne suka gwada ba?"

'Yan'uwana ne kuwa. Na nemo takardar binciken na karanta, kuma ba su yi ƙarya ba. Sun faɗa ƙarara cewa a faranti suka yi gwajin, wato ɗan kwanon da ake renon ƙwayoyin halitta a cikinsa a ɗakin gwaje-gwaje. Ku ma kun faɗa, amma can ƙasa, cikin kalmomi uku, bayan mai karatu ya riga ya gama murna. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya ke nan ina renon ƙwayoyin jijiya a faranti, huɗu a Ingila, sauran a nan gida, shi ya sa nake neman fili in gaya wa masu karatu abin da ke cikin farantin nan.

Hausa ta haɗa jijiyar jini da jijiyar da ke kai saƙo a suna ɗaya. Ni ta biyun nake nufi. A cikin kan mutum akwai ƙwayoyin wannan jijiya kimanin biliyan 86, kowace da ɗan jikinta, da rassa, da wata doguwar igiya guda da take aika saƙo ta cikinta. Ba wanda zai buɗe kan mai rai ya ɗebo maka su don kana son gwaji. Masu hali kan ciro su daga ƙwaƙwalwar ɗan tayin ɓera, ana kwana 18 da ɗaukar ciki, bisa hanyar da Gary Banker da Max Cowan suka bayyana a 1977. Sauranmu kuwa mukan sayi wasu masu araha da ake kira SH-SY5Y, kuma da su aka gwada ganyen nan. Asalinsu daga ɓargon wata yarinya 'yar shekara 4 aka ɗebo su a Amurka a 1970, tana fama da wata irin kansa ta jijiya. Ƙwayoyin kansa ne. Har yau suna ta hayayyafa, alhali ƙwayar jijiya ta gaske idan ta girma ba ta ƙara rabuwa biyu. Ashe tun daga nan akwai tazara tsakaninsu da abin da ke kan Kawu. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ba a taɓa faɗa wa masu karatu shi ne, ko da ƙwayoyin na gaske ne, halinsu yana bin ƙasan da aka zaunar da su da ruwan da aka jiƙa su a ciki.

Na tashi a wani ƙauye kusa da Malumfashi, na kuma ga daɓe da idona. Idan za a kawo amarya mata sukan taru da madaɓai, a baza tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu ana waƙa har ɗaki ya yi sumul. Kakata kan ce daɓen da aka yi wa ha'inci ba a gane shi ranar biki, sai an yi wata biyu ana shara. Ban san zan sake haɗuwa da daɓe a ɗakin gwaje-gwajen Turawa ba.

Mutumin da ya fara renon jijiya a wajen jiki shi ne Ross Harrison, a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, a 1907. Ya yanko ɗan guntun abin da zai zama laka daga ɗan tayin kwaɗo, ya sa a ɗigon ruwan jikin kwaɗo a kan gilashi, ya kife gilashin, ya liƙe gefensa, ya zuba ido ta madubin ƙara girma. Da ruwan ya daskare, sai ya ga igiya tana fitowa daga jikin ƙwaya tana tsawo, bakinta yana lalube kamar makaho da sanda. A lokacin masana suna ta gardama kan yadda igiyar jijiya ke samuwa, wannan ɗigo ya taimaka wajen kashe gardamar. Amma Harrison ya lura da wani abu: idan ruwan bai daskare ba, ƙwayoyin ba sa tafiya ko'ina. Sai ya samo yanar gizo, ta gaske ta gizo-gizo, ba wadda muke shiga da waya ba, ya shimfiɗa musu. Ƙwayoyin suka kama zaren suka bi shi. Ya buga wannan a 1914. Tun ranar aka san cewa ƙwaya ba ta iyo, sai ta samu abin dafawa, kuma inda abin dafawar ya nufa nan take nufa.

To, gilashi ko roba tsurarsu ba sa karɓar ƙwayar jijiya. Fatar ƙwayar da fuskar gilashin irin caji ɗaya suke ɗauke da shi, kamar ka haɗa bakin maganaɗisu biyu masu kama da juna. Dole sai an yi daɓe. Tun 1974 ake amfani da wani sinadari, folilaisin, wanda sarƙa ce ta laisin, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su. Shi cajinsa kishiyar na ƙwayar ne, sai ya riƙe ta. A kansa kuma sau da yawa mukan ƙara wani furotin, laminin, wanda aka gano a 1979 a cikin wani ƙari na ɓera. Bambancin su biyun abin kallo ne. A kan folilaisin ƙwaya takan manne ne kawai, kamar an liƙa ta da ƙaro. Laminin kuwa ta san shi daga cikin jiki, tana da hannuwan da aka halitta mata don kama shi, sai ka ga igiya ta miƙe tana gudu. Wanda ya auna tsawon igiya a daɓe ɗaya, wani ya auna a ɗayan, za su yi ta musu alhali kowa gaskiya ya gani.

A watana na biyu a Ingila na buɗe sabon kwalin ƙananan gilasai, na gan su fes, na ce me zai sa in ɓata kwana guda ina jiƙa su a asid ina ɗauraya kamar yadda aka koya mini? Na yi musu daɓe a haka, na zuba ƙwayoyi. Kwana biyu komai lafiya. Ranar ta biyar na duba, sai na tarar ƙwayoyin sun saki ƙasa sun rungume juna, sun cure kamar ƙullin fura, igiyoyi sun haɗu sun yi kauri tsakanin curi da curi. Idan ƙasa ba ta riƙe su ba, junansu suke riƙewa. Wata dattijuwar ma'aikaciya da ta kusa ritaya ta leƙa madubin daƙiƙa biyar, ta ɗago ta ce, "Wa ya wanke gilasan nan?" Na tuna kakata. Ɓeraye biyu masu ciki suka tafi a banza saboda ƙiwata.

Akwai kuma maganar tauri, wadda a ganina ita ce babba. Duk wanda ya taɓa fasa kan ragon layya ya san laushin ƙwaƙwalwa. Awara ma ta fi ta ƙarfi. Robar farantin da muke amfani da ita ta fi ƙwaƙwalwa tauri kamar sau miliyan ɗaya, gilashi kuma ya fi haka. Wato mun ɗauko halittar da ba ta taɓa sanin komai ba sai katifar auduga, mun kwantar da ita a kan dutse, sannan muna rubuta halayenta. An daɗe ana zaton ƙwaya ba ta damu ba. A 2006 Adam Engler da Dennis Discher da abokan aikinsu a Jami'ar Pennsylvania suka ɗauki ƙwayoyin asali na ɓargon mutum, irin waɗanda ba su riga sun zaɓi abin da za su zama ba, suka raba su a kan shimfiɗu masu tauri daban-daban, ruwan da suke sha kuwa iri ɗaya. Waɗanda ke kan mai laushin ƙwaƙwalwa suka fara fitar da rassa da alamomi irin na jijiya. Na kan matsakaiciya suka karkata ga tsoka. Na kan mai tauri suka karkata ga ƙashi. Ba magani aka sa musu ba, ƙasa kawai aka canza.

Ƙwayoyin jijiya na gaske ma an ga sun fi yin rassa a kan shimfiɗa mai laushi. Sannan suna da masu yi musu hidima, wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro da ke ciyar da su suna share musu wuri. Su waɗannan a kan roba mai tauri sai su baje, su yi ta yawa, su ɗauki kamanni irin wanda suke ɗauka idan ƙwaƙwalwa ta ji rauni. Ashe mai gwaji yana iya zaton lafiyayyun ƙwayoyi yake kallo, alhali tun kafin ya taɓa su a firgice suke. Yadda ƙwaya ke jin tauri ma yanzu an fara gane shi: akwai wasu ƙofofi a fatarta da ke buɗewa idan an matsa ko an ja, ana kiransu Piezo. Ardem Patapoutian da mutanensa suka gano su a 2010, ya kuma samu kyautar Nobel a 2021.

Sai ruwan. Mu a wurin aiki da ɗalibaina romo muke ce masa, domin romon ne: ruwa, gishiri, suga, bitamin, tubalan furotin. Launinsa kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, saboda wani rini da ake sakawa don ya tona asiri. Idan romo ya koma rawaya, tsami ya yi yawa, ko ƙwayoyi sun cika ko ƙwayar cuta ta shiga. A nan ruwa ba ya tsami banza ba karin magana ba ce, aikin yau da gobe ne. Idan ya koma shunayya, tukunyar iskar da ke daidaita shi ta ƙare.

Harry Eagle ne ya tsara girkin farko a 1955, ya gyara shi a 1959, a shekarar kuma Renato Dulbecco ya ƙara masa ƙarfi, aka samu wanda ake kira DMEM, da har gobe ya fi kowane yawa a firijin masu bincike. Abin lura, Eagle ba don jijiya ya yi girkinsa ba. Ƙwayoyin kansa da wasu na ɓera masu saurin hayayyafa yake son ciyarwa. Nau'in DMEM da aka fi saye yana da suga giram 4.5 a kowace lita. Bari in mayar da shi lissafin da masu ciwon suga suka sani: 450 ke nan a ɗan injin da ake huda yatsa. Mai lafiya da bai karya ba yakan nuna tsakanin 70 da 100, daga 126 kuma likita ya fara maganar ciwon suga. Wanda ya nuna 450 asibiti za a wuce da shi. Ruwan da ke zagaye da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kuwa sugansa bai ma kai na jini ba. Amma a cikin wannan zuma muke renonsu mako da makonni, mu kira su lafiyayyu. Illar ba ƙarama ba ce. Ƙwayar kansa da ta samu suga a banza takan yi watsi da ƙananan murhunan da ke cikinta masu samar mata da ƙarfi, ta koma ƙona suga ta gajeriyar hanya. Sai ka zuba mata gubar da ke lalata waɗannan murhuna, ta ƙi ko gezau, ka rubuta cewa abin ba shi da illa. Ƙwayar jijiya a kan mutum kuwa da murhunan nan take rayuwa.

A kan romon ana ƙara ruwan jinin ɗan tayin saniya, galibi kashi 10 cikin 100. A mahauta ake samunsa, idan an yanka saniya aka tarar da ciki. Akwai ɗaruruwan abubuwa a cikinsa, kuma kwalbar bana ba ta zama daidai da ta bara, tunda shanun ba ɗaya ba ne. Ga shi ƙwaƙwalwa a cikin jiki ba ta taɓa wanka da wannan ruwa, domin akwai shinge tsakaninta da jini. Wannan ya sa Jane Bottenstein da Gordon Sato a 1979 suka haɗa abu biyar kacal da za su maye gurbinsa, ciki har da insulin da sinadarin seleniyom da furotin mai dakon ƙarfe. A 1993 Gregory Brewer ya fito da romon Neurobasal da mahaɗinsa B27, ƙwayoyin jijiya suka riƙa yin makonni a raye. Kowa ya yi murna, ni ma da shi na yi digirina.

Sai a 2015 Cedric Bardy da abokan aikinsa a Cibiyar Salk da ke Kalifoniya suka yi tambayar da ya kamata a ce an yi tun tuni: suna raye, amma suna magana? Aikin jijiya ai aika saƙon lantarki ne. Suka sa na'urar sauraro, suka tarar a cikin sanannun romon nan saƙon yana raunana ƙwarai, wani lokaci ya ɗauke. Neurobasal gishirinsa ya yi kaɗan idan an gwada da ruwan ƙwaƙwalwa, wasu kuma suna ɗauke da sinadaran da ke tsokanar jijiya har ta gaji. Suka yi sabon girki mai suna BrainPhys, suka daidaita gishiri, suka rage suga zuwa kashi ɗaya cikin goma na wancan, ƙwayoyin suka buɗe baki. Ku duba fa, shekara ashirin da biyu. Na karanta takardar a bas, na rufe ta, na yi ta tunanin ƙwayoyin da na yi shekaru ina ɗaukar hotonsu ina yaba kyawunsu, ashe da yawansu bebaye ne.

Yanzu ga abin kunyar da ya fi kusa da labarinku. A shekarata ta biyu an ba ni wani sinadari da aka tato daga tsiro, in duba ko yana kare jijiya. Yadda ake yi, sai ka zuba wa ƙwayoyi ruwan haidurojin, irin wanda ake wanke ciwo da shi yana kumfa, don ya ƙone su, sannan ka ga ko maganinka zai cece su. Na gwada, ya cece su. Na maimaita sau uku, ya cece su. Na kira mahaifiyata na ce ta taya ni addu'a, wani abu babba na tafe. Wata biyar ina kan wannan. Ranar da kwalbar romon da nake narka sinadarin a ciki ta ƙare, na ɗauko wata daga firiji, sai kariya ta ɓace ɓat. Na yi mako biyu ina zargin kowa da komai kafin na zauna na karanta takardun jikin kwalaben biyu. Dukansu DMEM ne. Amma tsohuwar tana da wani ɗan sinadari, fairubet, sabuwar babu, kuma farantan da nake kwatantawa da su tun farko marar shi nake zuba musu. Fairubet kuwa da kansa yake cinye ruwan haidurojin, ko babu ƙwaya ko ɗaya a faranti. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da kwalbar nan ta ƙara wata biyu ba ta ƙare ba, da na buga takarda, wata jarida ta ɗauka, kawun wani ya ajiye maganinsa.

Abin yana juyawa ta ɗaya gefen ma. A shekarar 2000 Barry Halliwell da abokan aikinsa a Singafo suka nuna cewa wasu sinadaran ganyen shayi da makamantansu, da zarar an zuba su a romon reno, sai su haɗu da abin da ke ciki su haifar da ruwan haidurojin. Ƙwayoyi su mutu, mai gwaji ya ce ganye ya kashe kansa, alhali faɗa ne tsakanin ganye da romo, faɗan da ba lallai ya faru a jikin mutum ba. Duk lokacin da na ga kanun labari cewa wani tsiro yana kashe ƙwayoyin kansa a ɗakin gwaji, wannan nake fara tunawa. Bilicin ma ai yana kashe su.

Iskar ma haka. Wadda muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, akwatin ɗumin da muke ajiye farantai a ma'aunin zafi 37 bai rage ta sosai ba, a cikin ƙwaƙwalwa kuwa abin da ke isa ga ƙwayoyi bai kai rabin haka ba. Mu a nan gida sai a ƙara mana da namu. Romo daga ƙetare yake zuwa, kuma ɗaya daga cikin tubalansa, gulutamin, zafi na rusa shi ya koma ammoniya, ga kwali yana iya kwana a tasha. Hasken rana idan ya daki kwalba yakan ɓata ta. Ranar da aka ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, da asuba za ka tarar da aikin wata guda ya yi sanyi. Ko canza romo sai da dabara: rabi muke kwashewa mu bar rabi, domin ƙwayoyin sun zuba nasu abubuwan a tsohon, kamar yadda mai nono ke barin ɗan tsohon nono ya kama mata sabo. Ɗalibar da ta kwashe duka don tsabta, da safe gawa za ta tarar.

Kada a fahimce ni a karkace, Malam Edita. Ba rena faranti nake yi ba, da shi nake ci. A faranti Rita Levi-Montalcini ta ga igiyoyin jijiyar ɗan tsako sun fito sun kewaye shi kamar hasken rana, daga nan ita da Stanley Cohen suka gano sinadarin da ke sa jijiya tsiro, suka samu Nobel a 1986. Tun da Shinya Yamanaka na Japan ya nuna a 2007 cewa ana iya mayar da ƙwayar fatar mutum ta koma ta asali, yanzu ana iya samar da ƙwayoyin jijiya daga mutum mai rai ba tare da an taɓa kansa ba. Ina alfahari da cewa a Damaturu, a cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe da Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa, ana irin wannan aiki da ƙwayoyin mutanenmu. Ba kuma rena ganye nake yi ba. Maganin maleriyar da muke sha yau daga tsiro aka samo tushensa. Sai dai shi ya bi dogon layi kafin ya iso kanti, daga faranti zuwa dabba zuwa mutane dubbai. Ganyen da aka dafa aka sha kuwa sai ya ratsa ciki, hanta ta sarrafa shi, sannan abin da ya saura ya nemi tsallake shingen nan na ƙwaƙwalwa, wanda yawancin magunguna ba sa iya wucewa. A faranti babu ciki, babu hanta, babu shinge. Kai tsaye ake kwarara wa ƙwaya, sau da yawa da yawan da jini ba zai taɓa ɗauka ba.

Kuma ciwon Kawu shi ne inda aka fi shan wannan kaye. A 2006 wasu masu bincike suka zauna suka ƙirga magunguna da dabarun da aka gwada a faranti ko a jikin dabbobi don shanyewar ɓarin jiki, suka samu 1,026. Waɗanda aka kai ga gwadawa a kan marasa lafiya 114 ne. Masu kare ƙwayar jijiya da suka yi abin mamaki a ɗakin gwaji haka suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a asibiti. Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne allurar narkar da gudan jinin da ya toshe hanya, ita ma sai an kai mutum cikin awa 4 da rabi an kuma yi hoton kai an tabbatar ba fashewa jijiyar ta yi ba. Don hana ciwon dawowa kuwa, babu kamar riƙe hawan jini, wato ƙwayoyin nan da Kawu ya tura ƙarƙashin matashi.

Roƙona gare ku ƙarami ne. Idan irin wannan labari ya zo teburinku, kalmar faranti ta hau kanun labari, kada a ɓoye ta a ƙasa. Wakilinku kuma ya tambayi mai binciken: waɗanne ƙwayoyi ne, na ɓera ko na kansa ko na mutum? A kan me aka zaunar da su, wane romo suka sha? An gwada a dabba? An gwada a mutum? Mai binciken kirki zai ji daɗin tambayar, zai ma riƙe wakilin naku awa guda yana bayani, domin ba mu cika samun mai tambayarmu ba. Wanda ya fusata kuwa, to a sake duba labarin.

Kawu dai sai da na je da kaina ranar Asabar. Na tarar awon hawan jininsa ya haura 180. Ban yi masa dogon turanci ba, na ce, "Kawu, abin da aka gwada ɗin nan ƙwayoyin wata yarinya ce da aka ɗebo tun kana saurayi, a kan roba, cikin ruwan suga." Ya yi shiru, ya ce a miƙo masa ledar maganin. Ganyen bai bari ba, amma Inna ta mayar da shi cikin miya, ni kuma ban hana ba.

Idan wakilinku na son gani da ido, ƙofarmu a buɗe take, adireshina yana hannunku. Zan shirya masa faranti biyu daga ƙwayoyi iri ɗaya, ɗaya da daɓe ɗaya babu, ya leƙa madubi ya faɗa mini ko zai yarda uwarsu ɗaya. Ya zo ranar Talata ko Juma'a da safe, ranakun da muke canza romo, amma ya kira tukuna mu ji ko akwai wuta.

Wassalam.

Taku mai karatu,
wata malamar jami'a daga Jihar Katsina